Hutun hunturu a Birtaniya: Me ya sa tafiya ke wuya ga baƙi?

A ƙarshen watan Disambar kowace shekara, jami'o'i da ofisoshi a Birtaniya kan tafi hutun Kirsimeti da sabuwar shekara. Ga dubban 'yan Afirka da ke karatu ko aiki a ƙasar, wannan ce damar da suke samu ta kai wa 'yan uwa ziyara a biranen Landan, Manchester ko Birmingham. Sai dai kuma a daidai wannan lokaci ne harkar sufuri ta fi tangal-tangal.

Abin da ya fi ba sabon zuwa mamaki shi ne, a ranar 25 ga watan Disamba jiragen ƙasa ba sa zirga-zirga tsakanin biranen ƙasar. A Landan hatta jiragen ƙarƙashin ƙasa da motocin bas na cikin gari hutawa suke yi. Kashegari ma layuka ƙalilan ne ke aiki. Wanda tafiya ta kama shi dole, sai ya nemi manyan motocin safa irin na kamfanin National Express, ko kuma ya ɗauki tasi da tsada.

Mutane da dama kan ɗora laifin a kan dusar ƙanƙara, kuma lalle ta sha yin ɓarna. A watan Disambar 2009 jiragen Eurostar biyar sun lalace a hanyar ƙarƙashin teku da ta haɗa Ingila da Faransa, inda fasinjoji fiye da 2,000 suka maƙale cikin dare. Shekara guda bayan haka, dusar ta tilasta soke tashin dubban jiragen sama a filin Heathrow.

To amma babban dalilin cikas ɗin, shiri ne da hukumomi ke yi da gangan. Hukumar Network Rail, wadda ke kula da layukan dogo, kan ware ranakun hutun ne domin manyan gyare-gyare, saboda masu zuwa aiki kullum suna gida. Hakan na nufin rufe wasu tashoshi, da kwasar fasinjoji a motocin bas a wani ɓangare na tafiyar. Idan aikin ya zarce wa'adinsa kuwa, al'amura kan dagule, kamar yadda aka gani ranar 27 ga watan Disambar 2014, lokacin da tashar King's Cross ta kasa buɗewa, jama'a suka yi cincirindo a ƙaramar tashar Finsbury Park. A Disambar 2022 kuma yajin aikin ma'aikatan jiragen ƙasa ne ya ƙara dagula lamarin.

Nauyin ya fi faɗawa kan baƙo, domin ɗan ƙasa galibi yana da mota, ko kuma danginsa na kusa. Ɗalibin da ya kasa tafiya kan wayi gari shi kaɗai a ɗakin kwanan ɗalibai, shaguna a rufe, ga rana na faɗuwa tun kafin ƙarfe huɗu na yamma. Batun kaɗaicin ya ƙara fitowa fili tun daga watan Janairun 2024, lokacin da gwamnati ta hana akasarin ɗaliban ƙasashen waje zuwa da iyalansu.

Duk da haka akwai hanyoyin rage wahalar. Ana sanar da jadawalin gyare-gyaren tun da wuri, kuma tikitin da aka saya makonni kafin tafiya ya fi araha nesa ba kusa ba. Katin rangwame na matasa 'yan shekara 16 zuwa 25 na rage kashi ɗaya cikin uku na kuɗin tikiti. Haka nan fasinjan da jirginsa ya yi jinkiri yana da haƙƙin neman diyya.

Ganin cewa layukan dogon Birtaniya na cikin mafi tsufa a duniya, babu alamar za a daina rufe su a lokacin hutun. Don haka wanda ke son ya yi hutunsa cikin 'yan uwa, shirinsa na Disamba tun a Oktoba ya kamata ya fara.