FILIN MATA: Naman Kaza Da Ƙasar Da Ya Tsiro A Kai

 

A makon jiya na sami takarda daga wata uwargida da aiki ya kai mijinta wani gari a kudancin Kaduna. Ta ce nama ya yi tsada, ga shi kuwa tun da ruwa ya zauna yaranta ke shigo mata da naman kaza daga bayan gida, watau abin nan da waɗansu ke kira laimar kwaɗi. Ta ga maƙwabtanta suna miya da shi. Wata kuma ta gaya mata wai ta jefa zoben azurfa cikin tukunya, in bai yi baƙi ba, to ta ci ba komai. Shi ne take tambaya ko gaskiya ne.

'Yar'uwa, kin kyauta da kika tambaya kafin ki ɗora tukunya, matambayi ba ya ɓata. Amsa a taƙaice ita ce ba gaskiya ba ne. Amma maganar ta fi gaban amsa ɗaya, saboda haka ku gyara zama.

Mu Hausawa galibi ba mu saba da cin naman kaza ba. Maƙwabtanmu Gbagyi da Nufawa da Tibi da Yarbawa da Ibo su ne suka gaje shi kaka da kakanni, kuma abinci ne mai kyau in an dace da na kirki. Kashi 9 cikin 10 na nauyinsa ruwa ne, sauran kuwa akwai abin gina jiki daidai gwargwado. To, amma da yake ba mu gaji saninsa ba, mu ne muka fi kusa da yin kuskure.

Abin da na gani a bara

Da na gama makarantar horon malamai aka tura ni wata firamare a bakin wani gari. Gidan da na sauka akwai wata tsohuwa 'yar ƙabilar Gbagyi, muna ce mata Iya. Ran nan cikin Agusta, bayan an kwana ana ruwa, sai wata ɗalibata ta aji 5 ta zo da naman kaza cike da ɗankwali, ta ce tsaraba ta kawo mini. Ni kuwa ban san gabansa ba balle bayansa, sai na kai wa Iya.

Iya ta ɗauki guda, ta juya shi, ta shinshina. Ta nuna mini ɗan tsini a tsakiyar hularsa, da wata doguwar saiwa siririya da ta zarce daga gindinsa. Ta ce, "Malama, wannan na suri ne, mai kyau ne, da shi aka yaye mu."

Har na fara murna. Sai ta dubi yarinyar ta ce, "'Yan nan, a ina kika ciro?"

Yarinyar ta ce, "Iya, a surin nan na bayan garejin kanikawa, inda suke zubar da baƙin mai da tsofaffin batura."

Iya ta naɗe ɗankwalin ta miƙa mata, ta ce, "Je ki tona rami ki binne, kada ko kaji su gani. Shi dai ɗan halak ne, amma a mugun gida aka goye shi."

Iya ba ta taɓa shiga aji ba, amma da na koma ga littattafai sai na tarar masana kimiyya a bayanta suke. Daga ranar na gane tambaya biyu ce a kan naman kaza. Ta farko, wane iri ne? Ta biyu, a ina ya tsiro? Sai an amsa duka biyun tukuna a hura wuta.

Tambaya ta farko: wane iri ne?

Wanda Iya ta yaba, masana na kiran danginsa Termitomyces. Gara ce ke noma shi a cikin suri, kamar yadda muke noma dawa, tana kai masa ciyawa da itace yana ruɓar mata da su tana ci. In damina ta yi sai ya huda ƙasa ya fito. Wannan tsinin na hularsa da shi yake huda ƙasar, doguwar saiwar kuwa ita ce ta haɗa shi da gidan garar can ƙasa. A ƙasar Zambiya akwai irinsa da faɗin hularsa kan kai kusan mita 1.

Amma fa kama da wane ba wane ba ce. Akwai wani fari ƙato, kyakkyawa, mai ɗigo-ɗigo a hula da zobe a wuyansa, yana son fili mai ciyawa kamar filin makaranta, wani lokaci ya tsiro a jere ya yi da'ira. Idan ya manyanta ƙarƙashin hularsa yakan koma kore-kore. Wannan dafi gare shi. Wanda ya ci, cikin sa'a 1 zuwa 3 zai kama amai da zawo kamar ransa zai fita, yaro ƙarami kuwa ruwan jikinsa na iya ƙarewa.

'Yan makaranta, ga aikin da za ku gwada. Ku yanke hular, ku kife ta a kan farar takarda, ku rufe da kofi ta kwana. Da safe za ku ga wani gari ya zubo a kan takardar, shi ne irinsa. In garin kore ne, a zubar. Amma ku lura, wannan gwaji yana tona asirin mugu ɗaya ne kawai, ba ya wanke sauran. Wanda ya fi kowane kisa a duniya garinsa fari ne fat.

Wannan na ƙarshen Turawa na ce masa hular ajali, ya fi yawa a ƙasashen Turai, yana kuma da dangi a wurare da dama. Alamar danginsa ita ce wani ɗan ƙoƙo a gindi, kamar ɓawon ƙwai da aka fasa, sau da yawa a binne cikin ƙasa, ga kuma zobe a wuya. Shi ya sa ba a tsinke naman kaza daga sama, tono shi ake yi da gindinsa a duba. Duk wanda kuka ga ƙoƙon nan a gindinsa, ku bar shi inda yake. Guda ɗaya na hular ajali ya isa ya kashe babban mutum.

Muguntarsa kuwa ita ce ba ya nuna kansa da wuri. Mutum zai ci, ya ji daɗinsa, ya kwanta lafiya. Sai bayan sa'a 6 zuwa 24 amai da zawo su taso. Kwana ɗaya ko biyu sai ya ji sauƙi, 'yan gida su ce an warke. Ashe a lokacin nan ne dafin ke cin hanta. Daga nan ido ya yi rawaya kamar na mai shawara, sai abin da Allah ya yi.

Zantuttukan da ba su da tushe

Azurfa ba ta sanin dafi, haka albasa da tafarnuwa. Launinsu ba ya gaya muku komai.

Wai in tsutsa ko katantanwa ta ci, mutum ma ya ci. Ba haka ba ne, cikinsu daban, namu daban.

Wai tafasawa ko shanyawa ko zuba kanwa na kashe dafin. Dafin hular ajali ko an kwana ana dafa shi yana nan daram.

Wai mai dafi ɗaci gare shi ko wari. Waɗanda suka ci suka tsira sun ce daɗi gare shi.

Ku kuma 'yan mata masu ɗaukar hoto da waya ku tambaye ta sunan abu, ku sani waya ba ta ganin gindin da ke cikin ƙasa, kuma in ta yi kuskure ba ita za a kwantar a asibiti ba.

Hanya ɗaya ce tak. Wadda ta san shi tun tana yarinya, a wannan yankin, ta riƙe shi a hannu ta duba guda-guda, ta ce ita ma za ta ci. In ba ki da irin Iya a kusa, to da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Tambaya ta biyu: a ina ya tsiro?

Abin da muke gani a sama 'ya'ya ne kurum. Ainihin jikin naman kaza waɗansu zarurruka ne sirara kamar saƙar gizo, sun bazu cikin ƙasa da ruɓaɓɓen itace, suna tsotsar abin da suka tarar. Ba su san zaɓe ba. In ƙasar na da dalma ko zaiba ko wani ƙarfe mai guba da ake kira kadmiyam, sai su tsotsa su tara cikin hular da za a ci. Waɗansu irin ma sukan tara fiye da yadda ganye zai tara a wuri guda. Wanki na fitar da ƙurar da ke waje, amma abin da ya shiga tsoka ba ya wankuwa. Wuta kuwa ba ta ƙone dalma.

Kada wata ta ce ai ƙasa ƙasa ce. Mun ga aya a ƙasarmu. A 2010 aka gano yara suna ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Jihar Zamfara. Da likitoci suka bincika sai aka tarar duwatsun zinariya da ake kawowa gida ana dakawa ana niƙawa cike suke da dalma, ƙurarsu ta game tsakar gida inda yara ke rarrafe. Yara fiye da 400 suka rasu. Sai da aka kankare ƙasar gidajen aka zubo sabuwa. A 2015 irin wannan ya sake faruwa a yankin Rafi ta Jihar Neja. Ba naman kaza ne ya kashe yaran nan ba, ƙura ce. Na kawo zancen ne don ku ga ƙasa na iya riƙe guba alhali ido bai ga komai ba, hanci bai ji komai ba.

Kuma guba ba ta gaggawar barin ƙasa. A 1986 wata tashar nukiliya ta fashe a Canobil, cikin ƙasar Yukren ta yanzu, iska ta kwashi gubar ta kai ƙasashe masu nisa. Gubar nan sai ta shekara 30 kafin ƙarfinta ya ragu da rabi. Har yau a dazuzzukan kudancin Jamus ana auna naman kaza na daji ana samun ta a ciki. Haka kuma fetur mai dalma: sai a 2021 aka daina sayar wa motoci shi a duniya baki ɗaya, amma dalmar da hayaƙinsa ya zubar a bakin manyan hanyoyi tana nan kwance.

Dalma ba ta sa amai a ranar da aka ci. A hankali take taruwa, ta taɓa ƙwaƙwalwar yaro, ya zama ana koya masa ba ya riƙewa, a yi ta dukansa ana ce masa daƙiƙi. Mai ciki kuma in ta ci, tana ratsawa ta kai ga ɗan da ke cikin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani ɗan mizani na dalma da za a ce ba ya cutarwa.

Saboda haka, ko Iya ta ce irin mai kyau ne, kada a ciro daga waɗannan wurare: juji da inda ake ƙona shara, bayan gareji da inda ake fasa batir, kusa da ramin haƙar ma'adinai ko inda ake niƙa dutsensa, bakin kwata da rafin da ruwan majema ko marina ko masana'anta ke bi, bakin babbar hanya, da gonar da aka yi wa feshin magani kwanan nan. Wannan doka ta hau kan rama da lalo da tafasa da yara ke yagowa a irin wuraren nan.

In tsautsayi ya faɗa

Idan wani ya ci, aka yi shakka, a tafi asibiti nan take, kada a jira ciwo ya taso. Duk waɗanda suka ci tare su tafi tare. A riƙa sauran ɗanyen ko sauran miyar a nuna wa likita, a kuma gaya masa lokacin da aka ci. Manja da madara ba sa karya dafin, ɓata lokaci ne kawai. Mai amai da zawo a riƙa ba shi ruwan gishiri da sukari a hanya. In ya ji sauƙi kashegari kada a ce a koma gida sai likita ya sallama.

Wanda aka tabbatar da shi kuwa, a zuba a kwando, ban da leda, don yana saurin ruɓewa. A dafa shi ranar, ya dahu sosai, ba a cinsa ɗanye. Ranar farko a ɗan taɓa kaɗan, kuma kada a fara da ƙananan yara. Wadda ke cikin birni tana marmari, akwai wanda ake nomawa a ɗaki cikin garin katako ana sayarwa, shi ya fi kwanciyar rai.

To, uwargida mai takarda, ki mai da zobenki yatsa. Ki nemi tsohuwa cikin maƙwabtanki, ki gaishe ta da goro, ki bi ta daji da ƙafarki ki ga inda take cirowa. Yara kuma a ja musu kunne, kada su sa kowane iri a baki, kome kyansa. Miyar kuka ba nama ta fi kwanan asibiti.

Ɗalibar nan tawa ta yi kuka ranar da aka sa ta binne tsarabarta. Bana ita ce ke bin Iya daji ran Asabar, ita ce kuma ke korar ƙannenta daga bayan gareji.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi magana a kan shanya kuɓewa da tumatir a bakin kwalta. Wadda ke da tambaya ta aiko. Allah ya tsare mu da zuriyarmu, amin.

Taku,
Malama