Hazon Hunturu Da Hayaƙin Da Muke Ƙara Masa

Da zarar hunturu ya kankama, tari da mura sukan yawaita a makarantunmu, kowa kuma ya ɗora laifin a kan hazo. A ganina, muna ɗora wa hazo laifin da wani kaso mai tsoka daga cikinsa namu ne. Domin a fahimci haka, wajibi ne mu san abin da ke cikin iskar da muke shaƙa.

Masana sukan rarraba ɓurɓushin da ke yawo cikin iska bisa ga girmansa. Ma'auninsu shi ne maikiromita, watau kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Kaurin silin gashin mutum ya kai kimanin maikiromita 70. Ɓurɓushin da bai wuce maikiromita 10 ba ana ce masa PM10, wanda bai wuce biyu da rabi ba kuwa PM2.5. Girman nan shi ne ke nuna inda ƙwaya za ta tsaya a jikin mutum. Manyan ƙwayoyi, gashin hanci da majina sukan tare su, a fyace ko a yi kaki a tofar. Ƙananan kuwa sukan zarce har cikin 'yan jakunkunan huhu inda jini ke karɓar iskar oksijin, su haddasa kumburi, daga nan cutar ta taɓa zuciya da jijiyoyin jini.

To, mene ne a cikin hazo? Babban tushensa shi ne kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, wanda a zamanin da can ƙasan wani makeken tafki ne. Da ruwan ya ƙafe, sai ya bar ɓawon wasu mitsi-mitsin halittun ruwa da ake kira dayatom, waɗanda aka gina jikinsu da sinadarin silika. Iska mai ƙarfi da ke kurɗowa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi ita ke kwasar wannan gari ta yo kudu maso yamma da shi. Cikinsa akwai silika da yumɓu da ƙarfe da alli da fosfaras. Idan ya sauka a gona taki ne. Sai dai yana busar da hanci da maƙogwaro, kuma a lokacinsa ne sanƙarau ya fi yaɗuwa a yankinmu.

Hayaƙi kuwa wani abu ne daban. Kusan duk abin da wuta ta haifar yana cikin ajin PM2.5. Akwai kunkunniya, watau baƙin kabon da bai gama ƙonewa ba, wadda ke fitowa daga murhun itace da janareta da manyan motoci masu shan gas. A jikinta ne wasu sinadarai masu jawo ciwon daji, irin su benzofairin, suke maƙalewa. Tayar da ake ƙonawa domin babbakar ganda a wasu mahautai tana ƙara tutiya da farar wuta a kai. Bugu da ƙari, wasu ƙwayoyin a sararin sama ake haɗa su: iskar farar wuta da ta naitirojin daga injuna sukan gamu da amoniya daga taki da kashin dabbobi, su zama gishirin salfet da naitiret.

Abin takaici, lokacin hunturu ne muka fi ƙona bola da kara da daji, muna kuma jin ɗumi da wuta. Da asuba iska mai sanyi takan kwanta a ƙasa, mai ɗumi ta rufe ta daga sama kamar murfin tukunya, hayaƙin ya rasa mafita. Irin wannan yanayi ne ya tare hayaƙin kwal a birnin Landan cikin Disambar 1952, dubban mutane suka halaka. A 2013 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sanya ɓurɓushin iska cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa cutar.

Wani zai ce talaka ba shi da zaɓi, da itace zai dafa abinci. Gaskiya ne, kuma sauƙaƙa farashin iskar gas ta girki hakki ne a wuyan hukuma. An taɓa yin irin wannan hoɓɓasa: dalmar da ake zubawa cikin fetur ta daɗe tana gurɓata iskar birane, amma aka yi ta fafutika har aka daina sayar da shi ga motoci a duniya baki ɗaya a 2021.

Ba mu da ikon tsayar da iskar Bodele, amma wutar da ke bayan aji muna da iko da ita. Ina kira ga shugabannin makarantu su hana ƙona shara a harabarsu. Ganyen da ɗalibai suka share a zuba shi a rami ya zama taki, robobi a ware su daban, janareta a nisanta shi da tagogin azuzuwa, ɗakin girki a buɗe masa mafitar hayaƙi. Malamin kimiyya kuwa ya sa ɗalibai su shafa man basilin a farar takarda, su rataye ɗaya kusa da murhu, ɗaya a fili, su kwatanta launinsu bayan mako guda. Abin da idonsu zai gani ya fi dogon bayani. Allah ya ba mu lafiya.