Masu Gini A Bauchi Su Dubi Wayar Da Ke Cikin Bango

Babu burin da ya fi zama a zuciyar mutumin Bauchi mazaunin Kudu irin ya ga ya kafa gida nasa na kansa a garinsu. Ɗan canji a Ikko, da mai sayar da shanu a Badun, da mai kai albasa Anacha, da direban tirela mai kwana a Shagamu, kowannensu yana tsimin abin da ya samu yana aikawa gida, a sayi fili a Fadaman Mada ko Yelwa ko wajen Gwallameji, a riƙa aza bulo sannu a hankali. Wannan abu ne mai kyau, Allah Ya ƙara buɗi. Amma akwai wani sashe na ginin da aka saba yi wa riƙon sakainar kashi, watau aikin jan wayar lantarki, alhali kuwa shi ne sashen da yake iya cinye gidan da mutanen cikinsa a dare ɗaya.

Yadda abin yake faruwa sananne ne. Maigida yana nesa, ya wakilta ƙanensa ko wani amininsa ya tsaya a kan aikin. Kafin a kai ga wayarin an riga an kashe kuɗi a kan kwano da tayil da ƙofar ƙarfe, aljihu ya yi sanyi. Sai a kira masu wayarin biyu ko uku su faɗi kuɗin aikinsu, a ba wanda ya fi araha, a kuma damƙa masa kuɗin kaya ya sayo da kansa. Idan maigida ya zo Sallah sai ya duba fenti, ya danna makunni ya ga ƙwai ya kama, ya ce madalla. Abin da ke cikin bango da saman silin kuwa ba ya gani, ba ya kuma tambaya.

Haka lamarin yake ga tsofaffin gidajen cikin ganuwa, irin na Jahun da Ƙofar Dumi da Bakaro, inda iyaye da matan 'yan ci-rani da yawa suke zaune. An kafa Hukumar NEPA a 1972, Bauchi kuma ta zama babban birnin jiha a 1976, gidaje masu yawa a shekarun da suka biyo baya aka ja musu wuta. A lokacin, abin da ake nema shi ne ƙwai uku ko huɗu, da fanka, da rediyo. Yau a kan wannan tsohuwar wayar aka ɗora firji da dutsen guga da hita da injin jan ruwa, wasu daga cikin kayan ma ɗan da ke Kudu ne ya aiko da su don kyautata wa mahaifiyarsa. Ita waya ba ta ƙara kauri don an ƙara mata kaya.

Lissafin ba shi da wuya. Wutar gida a Nijeriya bolt 230 ce. Fulogin nan mai ƙafa uku an yi shi ne ya ɗauki amfiya 13, watau kimanin wat 3,000. To, idan aka haɗa hita mai wat 1,500, da dutsen guga mai wat 1,000, da risho na lantarki mai wat 1,000 a kan soket guda, an zarce iyaka. A gidan da aka yi aiki bisa ƙa'ida, fis zai tsinke ko bireka ta faɗi, wuta ta yanke, a tsira. A gidan da wani mai dabara ya cire fis ya ɗaura jan ƙarfe mai kauri a gurbinsa domin a huta da yawan tsinkewa, babu abin da zai yanke. Waya za ta yi zafi, robarta ta narke, katakon rufi da ya sha iskar hunturu ya bushe ƙamas ya kama.

Masu sana'ar sun san cewa wayar ƙwai kaurinta murabba'in milimita 1.5 ne, ta soket 2.5, ta manyan kaya kamar na'urar sanyaya ɗaki da tukunyar ɗumama ruwa kuwa 4 ko 6. Sun san kuma dole a kafa sandar jan ƙarfe a ƙasa a haɗa ta da wayar nan ta uku, domin idan wuta ta zubo a jikin firji ko injin ruwa ta bi ta ƙasa maimakon ta bi ta jikin mutum. Wannan wayar ta uku ita ake fara sokewa idan za a rage kuɗi, tun da ko babu ita ƙwai zai kama. Akwai kuma wata bireka mai yanke wuta nan take da zarar ta ji yoyon da ya kai miliamfiya 30. Kuɗinta bai kai na ƙofar ƙarfe guda ba, amma gidaje nawa ne a Bauchi suke da ita?

Ba daidai ba ne a yi wa masu gyaran wuta kuɗin goro. A cikinsu akwai ƙwararru masu tsoron Allah, waɗanda za su ƙi aiki idan aka ce su sa siririyar waya inda ta kamata a sa mai kauri. Matsalar ita ce a garin kowa injiniya ne. Yaron da ya yi wata shida yana riƙe wa ubangidansa tsani, da zarar ya mallaki filaya da tasta da baƙin salatif, sai ya buɗe nasa. Koyon sana'a a hannun ubangida hanya ce mai daraja, da ita aka san Hausawa, amma sai an gama an kuma gwada mutum. Hanyar gwajin tana nan. Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya tana yin jarrabawar gwajin sana'a mai daraja uku. A 2015 aka yi dokar kafa Hukumar NEMSA, wadda aikinta ya haɗa da ba masu wayarin takardar shaida da kuma duba aikin lantarki kafin a haɗa shi da layi. Ga Kwalejin Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Bauchi a 1979, ga Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, duk suna yaye masu ilmin lantarki. Garin da ke da waɗannan ba shi da hujjar barin rayukan jama'a a hannun 'yan koyo.

Saura maganar kaya. Kasuwa ta cika da wayar jabu, wadda a ido jan ƙarfe ce, amma idan aka kankare ta da wuƙa sai a ga farin alminiyam a ciki, ko kuwa a rubuta 2.5 a jikinta alhali ba ta kai ba. A nan mazauna Kudu suna da wata dama da ta fi ta 'yan'uwansu na gida. Ana yin waya mai kyau a ƙasar nan, a Ikko da Nnewi da Kaduna, kuma kamfanonin suna da dillalansu na ainihi. Mutumin da ya iya ɗora tayil a mota daga Ikko har Bauchi, ba zai gagara ɗora naɗin waya goma ba. Hukumar SON, mai kula da ingancin kayayyaki, ya kamata ta riƙa leƙa shagunan kayan wuta na Wunti da sauran kasuwannin garin a kai a kai.

Wajibi ne kuma Gwamnatin Jihar Bauchi ta haɗa kai da ƙungiyar masu sana'ar a fitar da sunayen waɗanda suke da takarda, unguwa unguwa, a ajiye a wurin masu unguwanni, yadda wanda yake Agege ko Fatakwal zai iya bugo waya a gaya masa wanda zai ba aiki. Kamfanin rarraba wuta na Jos, wanda Bauchi take ƙarƙashinsa tun da aka sayar da kamfanonin wuta a 2013, shi ma kada ya haɗa sabon gida da falwaya sai ya ga shaidar an duba aikin.

Kafin hukuma ta motsa, akwai abin da kowane maigida zai iya gaya wa iyalinsa yau ta waya. Idan an ɗauke wuta, a zare hita da dutsen guga daga soket kafin a kwanta, domin sau da yawa tsakar dare ake dawo da ita. Kada a haɗa janareta da wayar gida sai da makunnin da ke raba shi da layin kamfani, in ba haka ba wutarsa tana iya komawa kan falwaya ta kashe ma'aikacin da ke gyara a sama, kuma a ajiye shi a fili nesa da taga saboda hayaƙinsa yana kisa cikin barci. Idan wuta ta kama daga waya, a fara kashe babban makunni, a zuba yashi, kada a watsa ruwa. Wanda lantarki ya riƙe, a ture shi da busasshiyar sanda, kada a taɓa shi da hannu. Kowace mace da kowane yaro mai wayo a gidan a nuna musu inda babban makunnin yake, a kuma kawar da buhuna da tarkacen da aka saba jibgewa a gabansa.