Kariya ta fi dacewa da filin lakwal

A lakwal da yawa ana shuka furannin ƙawa masu son ruwa. Da damina suna da kyau. Amma a watan Afrilu sai su yi yaushi. Mi ya sa?

Ganye shi ne madafar tsiro. Da hasken rana da ruwa da iskar karbon yake haɗa sukari, abincin tsiro. Iskar tana shiga ta ƙananan ƙofofin ganye, waɗanda ido ba ya gani. In ƙasa ta bushe, ganye yakan rufe ƙofofin don kada ruwa ya tsere. Iska ba ta shiga, girki ya tsaya. Tsiro ya cinye ajiyarsa, furanni su zube.

Kariya kuwa ƴar Sahel ce. Tana ajiye ruwa cikin kututturenta mai kauri. Da rani takan zubar da ganye, amma ta yi jan fure.

A garin da mata ke layi bakin rijiya, bai kamata fure ya shanye ruwan mutane ba. Gara a shuka kariya. Sai dai yara su kula: ruwan jikinta guba ne, kada ya taɓa baki ko ido.