Raddi Ga Masu Cewa Digiri Kwali Ne Kawai

Wasu 'yan'uwanmu a Zabarmari suna yaɗa cewa jami'a ba ta koya wa yaro abin da zai ci abinci da shi, gara tun farko a miƙa masa lauje. Hujjojinsu uku ne, kuma kowace tana da amsa.

Suka ce: ga masu digiri nan sun gama yi wa ƙasa hidima, sun dawo gonar shinkafa tare da mu. Amsa ita ce, gona ba wurin wanda ya faɗi ba ce. Shinkafar fadamar Jere tana bukatar wanda ya san iri, ya san awon taki, ya san lissafin ban-ruwa da ribar injin casa. Abin da Jami'ar Maiduguri, wadda aka kafa a 1975, take koyarwa ke nan a sashen aikin gona. Gwamnan Borno Babagana Umara Zulum kansa injiniyancin noma ya karanta, ya koyar da shi a wannan jami'a har ya zama farfesa.

Suka ce: da karatun ya yi kyau, da aiki ya samu. Wannan ɗora laifi ne a inda ba ya nan. Jami'a tana horar da ma'aikaci ne, ba ita ke buɗe ma'aikata ba. Tun daga 2009 rikici ya durƙusar da kasuwancin Borno. A ranar 28 ga Nuwamba 2020 aka yi wa manomanmu yankan rago a gonakin Koshebe, muka binne mutum 43 washegari, Allah ya jiƙansu. A Satumba 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya ci Maiduguri. Wane mai jari zai kafa masana'anta a irin wannan hali, balle ya ɗauki ɗan wani aiki?

Suka ce: ɗalibi yana fitowa da haddar littafi, hannunsa bai taɓa aiki ba. A nan suna da gaskiya, ba zan ɓoye ba. Yajin aikin malaman jami'a na 2022 ya ci wata takwas. Shirin SIWES, wanda ake tura ɗalibai koyon aiki a ma'aikatu, sau da yawa yakan ƙare a sa hannu a takarda. Amma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Maganin wannan shi ne a turo ɗaliban noma su yi damina guda a fadamarmu, a gwada su da abin da suka girbe, manoma su koya musu, su ma su koya wa manoma.

Ku bar yara su yi karatu, 'yan'uwa. Garin da ya binne manomansa, ya ga madatsarsa ta ɓalle, yana bukatar likita da injiniya da malamin gona daga cikin 'ya'yansa. Idan muka hana su jami'a yau, gobe daga wani gari za mu roƙo su.