Kura da Shan Bugu: Wa Ke Kare Ma'aikacin Agaji Ɗan Ƙasa?

Kowace ranar 19 ga Agusta, duniya takan karrama ma'aikatan agaji, domin tunawa da harin da aka kai ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya a Bagadaza a 2003, inda mutum 22 suka rasu. Akan yi jawabai, a watse. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, mafi yawan ma'aikatan agajin da ake kashewa ko sacewa 'yan ƙasar da ake aikin ne, ba baƙi ba.

Garin Rann na jihar Borno shaida ne. A ranar 1 ga Maris 2018, mayaƙa suka afka wa garin, suka kashe ma'aikatan agaji uku, suka yi awon gaba da mata uku ma'aikatan lafiya. Biyu daga cikinsu, waɗanda ke karɓar haihuwa a ƙarƙashin ƙungiyar Red Cross, an kashe su a Satumba da Oktoba na shekarar. Dukkansu 'yan Nijeriya ne.

Alhakin jinin yana wuyan makasa, babu ja. Amma tsarin aikin ma yana da tambayar amsawa. Idan wuri ya yi zafi, manyan ƙungiyoyi sukan janye baƙin ma'aikatansu zuwa birni, su miƙa aikin ga ƙananan ƙungiyoyin gida. Haɗarin bai ragu ba, sauya masa mai ɗauka aka yi. Baƙo yana da inshora da jirgin kwashewa. Direba da malamar jinya kuwa, sau da yawa sai addu'ar iyaye.

Masu kare wannan tsari sukan ce ɗan ƙasa ya san harshe da hanya, don haka ya fi tsira. Wannan hujja ba ta da ƙafa. Sanin da aka yi masa shi ne rauninsa: an san gidansu, an san danginsa, ana iya kiransa ɗan leƙen asiri. Kuma wanda albashinsa ke ciyar da gida guda, yaya zai ce ba zai hau hanya ba? Yardar da talauci ya tilasta ba yarda ba ce.

Gyaran ba boyayye ba ne. Masu ba da tallafi su ware kuɗin tsaro da inshora a kowace kwangilar da aka ba ƙungiyar gida. A zauna da ma'aikatan gida wajen auna haɗari, tunda su ke bin hanyar. A ba kowa damar ƙin tafiya ba tare da rasa aikinsa ba. Gwamnatoci kuma su gurfanar da masu kai hari, domin ƙuduri mai lamba 2730 na Kwamitin Sulhu, na 2024, ya ambaci ma'aikata 'yan ƙasa ƙarara.

Ƙungiyar da ke wa'azin cewa ran ɗan Adam ɗaya ne, ta fara tabbatar da hakan a kan ma'aikatanta. Ta'aziyya bayan kisa ihu ne bayan hari.