Idan Za A Yi Wa Kuyello Waƙar Agaji

Duk shekara idan damina ta yi tsaka, rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi kuma bai nuna ba, sai wata tsohuwar shawara ta sake tasowa a majalisun hira da shafukan Facebook. Ana tambaya, me ya hana mawaƙanmu su haɗu su yi waƙa guda ta agaji, kamar yadda Turawa suka yi wa Habasha shekaru arba'in da suka wuce? Masu wannan magana suna da hujja. Muna da mawaƙan da idan suka saki waƙa da safe, kafin la'asar ta kai Agadas da Kumasi. Mayunwata kuwa ba sai an fita nemansu ba.

Ni ma ina so a yi waƙar. Abin da nake so mu tsaya a kansa kafin a shiga situdiyo shi ne abin da za ta faɗa. Ma'aunina kuwa shi ne Kuyello da ƙauyukan da ke kewaye da ita a gabashin Birnin Gwari, domin nan ne na fi sanin yadda yunwa take shiga gida.

Mu fara da abin da ake so mu kwaikwaya. A watan Oktoba na 1984 gidan talabijin na BBC ya nuna rahoton Michael Buerk daga sansanin Korem a arewacin Habasha, da hotunan da Mohamed Amin, ɗan ƙasar Kenya, ya ɗauka. Wani mawaƙi ɗan ƙasar Ayalan, Bob Geldof, ya gani hankalinsa ya tashi. Shi da Midge Ure suka rubuta waƙa, suka tara taurarin waƙa na Ingila da sunan Band Aid, aka naɗe ta a yini guda, ranar 25 ga Nuwamba. Cikin shekara ta tara kusan fam miliyan 8. Amurka ta biyo baya a Janairun 1985 da We Are the World, wadda Michael Jackson da Lionel Richie suka rubuta, Quincy Jones ya jagoranci naɗarta, ta kuma tara fiye da dala miliyan 60. A ranar 13 ga Yuli na shekarar aka yi gagarumin wasan Live Aid a Landan da Filadalfiya lokaci guda. Mawaƙan Afirka ma ba a bar su a baya ba: Manu Dibango na Kamaru ya tara su Salif Keita da Mory Kanté a Faris, suka yi nasu faifan domin Habasha, ko da yake duniya ba ta ji shi kamar yadda ta ji na Turawa ba.

Ba ni cikin masu yi wa waɗannan mutane dariya. Kuɗin ya sayi hatsi da magani da motoci, kuma akwai waɗanda suke raye yau da 'ya'ya da jikoki saboda shi. Wanda bai taɓa ciyar da kowa ba ya kamata ya sassauta murya idan yana sukar wanda ya ciyar.

Sai dai akwai abin da waƙoƙin suka yi shiru a kansa, kuma wannan shirun ne ya dame ni. Waƙar Band Aid ta zana Afirka a matsayin busasshiyar ƙasa da ba ruwa ba tsiro, alhali daga tafkin Tana na Habasha ne babban reshen kogin Nilu yake fitowa. Mai sauraro a Ingila ya tashi da fahimtar cewa sama ce ta ƙi zubar da ruwa, shi ke nan. Fari ya faru, ba shakka. Amma gwamnatin soja ta Mengistu Haile Mariam tana yaƙi da 'yan tawaye a Tigre da Eritiriya a lokacin, kuma sojojinta sun ƙona amfanin gona, sun kai wa kasuwanni hari, sun hana fatake yawo da hatsi. A watan Satumba na 1984, mutane na mutuwa a arewa, gwamnatin tana shagalin cika shekara goma da juyin juya hali a Adis Ababa. Daga baya ta kwashi ɗaruruwan dubban mutane da ƙarfin tsiya zuwa kudu, da yawa suka mutu a hanya da sansanoni. Ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ta fito ta faɗi haka a fili, a watan Disamba na 1985 aka kore ta daga ƙasar. Mawaƙan ba wanda ya kore su, domin ba su faɗi abin da zai ɓata wa mai mulki rai ba.

Abin mamaki, shekara uku kafin Band Aid, a 1981, masanin tattalin arziki Amartya Sen ya riga ya wallafa littafinsa a kan talauci da yunwa, inda ya nuna cewa sau da yawa mutane kan mutu da yunwa abinci yana nan a ƙasa, hanyarsu ta kai wa gare shi ce aka toshe. Manomin Kuyello bai karanta Sen ba, amma zai iya karantar da darasin.

Ƙasar Birnin Gwari ba Sahara ba ce. Ƙasa ce mai ruwa da dausayi, mai masara da dawa da shinkafa da waken suya, wadda manyan motoci suka saba ɗaukar hatsinta zuwa Funtuwa da Zariya da Kaduna. Kakalaba, yunwar 1913 zuwa 1914 da kakanninmu suka bar mana labarinta, daga sama ta fara. Ta wannan zamanin a Kuyello da Damari da Tabanni da Kutemeshi daga daji ta fito a kan babur. Manomi ya ga hadari ya haɗu, ƙasa ta jiƙa, iri yana hannunsa, amma gonarsa ta nesa ta zama wurin da ba ya iya takawa. Sai ya koma noma ɗan abin da ke bayan gari. An kore shanun huɗarsa, ya koma fartanya. Idan aka sace ɗansa, rumbun ne ake fasawa a sayar a biya fansa, wani lokaci har da gonar. Ƙungiyar ci gaban masarautar Birnin Gwari, BEPU, ta sha fitowa tana shaida wa manema labarai cewa manoma na biyan 'yan bindiga haraji kafin su yi shuka, su sake biya kafin su yi girbi. A 2022 gwamnan Kaduna na lokacin, Malam Nasiru El-Rufa'i, ya rubuta wa Shugaba Buhari wasiƙa yana cewa 'yan ta'adda na kafa mulkinsu a yankin, kuma wasiƙar, kamar yadda jaridu suka buga, ta ambaci gundumar Kuyello da suna a maganar 'yan Ansaru.

Har maganin ma ya ci nasa kason. A ƙarshen 2021 gwamnatin jiha ta rufe kasuwannin mako a ƙananan hukumomin da abin ya shafa, ta hana hawa babur, aka kuma katse layukan waya. An yi haka ne don a toshe wa 'yan daji hanyar mai da abinci, kuma ban ce manufar ba ta da ma'ana ba. Amma mutumin ƙauye a kasuwar mako yake sayar da tiya biyar ta masara ya sayi gishiri da maganin zazzaɓi, kuma babur ne motarsa ta asibiti.

To yanzu a ce an tara mawaƙa ashirin, kowa ya sa farar riga, an nuna hoton yaro mai tamowa, an yi amshi mai taɓa zuciya a kan taimakon ɗan'uwa, an yi ta cewa jarrabawa ce daga Allah. Jarrabawa ce, babu musu. Amma Musulmi ya san bambancin fari da zalunci, ya kuma san cewa yarda da ƙaddara ba ta wanke azzalumi. Irin wannan waƙa za ta yi wa kowa daɗi: mai tare hanya zai ji ta a wayarsa bai ji an taɓa shi ba, mai kai masa mai da burodi haka, mai sayen shanun sata haka, jami'in da aka damƙa wa kuɗin tsaro shi ma haka, ƙila ma shi ne babban baƙo ranar ƙaddamarwa. An mai da laifin mutane ya zama masifar yanayi.

Maƙwabtanmu na Nijar sun san yadda kalmar yunwa take ƙona bakin mai mulki. Zargin karkatar da kayan agajin fari na cikin hujjojin da Seyni Kountché ya bayar lokacin da ya kifar da Diori Hamani a watan Afrilun 1974. A 2005, yara na mutuwa a yankin Maraɗi, Shugaba Mamadou Tandja ya ce babu yunwa a ƙasarsa, kuma a 2008 hukumomi suka dakatar da aikin MSF a Maraɗin. Mu ma nan, a 2025, ƙungiyar ta ce yara 652 sun mutu da tamowa a cibiyoyinta na jihar Katsina cikin wata shida na farkon shekara. Daga Kuyello zuwa iyakar Katsina ba wata tafiya ba ce.

Akwai kuma maganar kuɗi, wadda masu shawarar ba su cika dubawa ba. Band Aid ta tara miliyoyi ne domin Bature yana shiga kanti ya sayi faifai. Mu waƙa a wurinmu ta tura-mini ce: mai shagon cajin waya ya zuba maka ɗari a katin ƙwaƙwalwa, mawaƙin bai ga ko kwabo ba. Tun zamanin Narambaɗa da Ɗankwairo da Shata, abincin makaɗin Hausa yana hannun ubangida da mai liƙi. Kuɗi daga jama'a yake tafiya zuwa ga mawaƙi, ba mu saba ganin ya bi ta hannunsa ya wuce zuwa wani ba. Yau ubangidan ɗan siyasa ne, shi ya sa ambaton mai laifi yake da tsada.

Ba wai ba za a iya tara kuɗi ba ne. A 2020 Dauda Kahutu Rarara ya nemi masoya Shugaba Buhari su turo naira dubu ɗai-ɗai kafin ya saki sabuwar waƙa, kuma mutane sun tura. A Nuwamban 2021 Davido ya tara naira miliyan 200 daga abokai da masoya, ya ƙara 50 daga aljihunsa, ya kafa kwamiti, daga baya aka buga jerin gidajen marayu 292 da aka raba wa. Abin koyi a nan jerin sunayen ne. Duk mawaƙin da zai buɗe asusu da sunan Birnin Gwari, ya faɗa mana tun farko wa zai riƙe kuɗin, wace mota za ta ɗauki hatsin, ta wace hanya, kuma mai unguwar wane ƙauye zai sa hannu cewa ya iso. Mun ga kayan tallafi da suka tashi daga babban birni da hoto da jawabi, suka isa ƙauye mudu ɗaya ga gida mai mutum goma sha biyu.

Ina ganin ma mun yi nisan kiwo wajen neman abin koyi, alhali muna da namu a gida. Kafin a haifi Geldof, Bahaushe yana da kiɗan noma. Idan aka kira gayya a gonar dattijo ko marar lafiya ko suruki, makaɗi yana biye da samari da gangarsa, yana kiran kowa da sunansa da na ubansa, yana zuga mai ƙwazo, yana yi wa rago zambo a gaban 'yan mata. Ba ya tara kuɗi, kuma ba ya nuna mai gonar a matsayin abin tausayi. Aikinsa shi ne ya sa hannuwa su shiga gona, makaminsa kuwa ambaton suna. Ɗanmaraya Jos da kuntiginsa shi kaɗai ya yi wa yaron mota da talaka waƙa ba tare da ya mai da su mabarata ba. Ko a ƙetare an fara gane haka: a 2014, da aka sake naɗar waƙar Band Aid saboda cutar Ebola, Fuse ODG, mawaƙi ɗan asalin Gana, ya ƙi shiga, ya ce irin hoton da take nunawa yana zubar da mutuncin Afirka. Su Tiken Jah Fakoly da Oumou Sangaré kuwa suka yi tasu da harsunan yankin, suna gaya wa mutane abin da za su yi don kare kansu.

Abin da ya faru a ƙarshen 2024 ya ƙara mini ƙarfin gwiwa a kan wannan ra'ayi. A watan Nuwamba Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari, aka sanar da sulhu da wasu daga cikin 'yan bindiga, aka sake buɗe kasuwar shanu da ta yi shekaru a rufe. Mutum na iya samun ja a kan sulhun, ni ma ina da nawa, musamman a kan haƙƙin waɗanda aka kashe wa iyaye da 'ya'ya. Amma buɗe kasuwa da hanya ya mayar wa gidaje da abin da tirelolin agaji ba za su iya kawowa ba, domin mutumin nan manomi ne, gonarsa yake nema. Sulhu irin wannan kuwa yana buƙatar masu sa ido, kuma mutanen birni kan manta da ƙauye da zarar an daina jin ƙarar bindiga a labarai.

Nan ne mawaƙi yake da aikin da ɗan jarida irina ba zai iya ba. Wannan shafi 'yan boko ne ke karanta shi. Waƙa kuwa tana shiga tasha da gidan biki da motar gwamna, tana shiga dajin ma, tunda su ma suna da waya. Ina so in ji waƙar da za ta jera Kuyello da Damari da Dogon Dawa da Randagi da Kakangi ɗaya bayan ɗaya yadda makaɗin gayya yake jera samari, ta faɗi nawa aka biya kafin a yi girbi, ta tambayi inda shanun huɗa suka shiga da kasuwar da aka sayar da su, ta tambayi wanda ya ci kwangilar hanyar da ba a gama ba. Mawaƙi ɗaya ba zai iya ɗaukar wannan shi kaɗai ba, za a rufe masa ƙofofi. A nan ne dabarar Band Aid ta taruwa take da amfani a gare mu: ubangida na iya yin fushi da mawaƙi guda, amma zaɓe na zuwa, kuma ba zai iya yin fushi da ashirin a lokaci ɗaya ba.